Gurbin Maigida

Kawu Zabairu ya tafi Kwatano ɗauko mota,
ya dawo da kwali ɗaure da roba:
akwati toka-toka, hannu biyu masu igiya,
kaset bakwai, babu bokon da muka iya a jikinsu.

Ranar farko muka soka shi a bango,
ya yi tari, ya yi ƙauri, ya mutu.
Ƙanta mai gyaran rediyo a bakin Kasuwar Dole
ya shinshina, ya ce: "Ɗan Japan ne, cikinsa ƙarami,
kuran ɗinmu ya fi ƙarfinsa."
Ya naɗa masa waya, ya karɓi jikka biyu,
ya ce launi kuwa sai haƙuri,
shi da telen gidanmu ba sa jin yaren juna.
Haka muka san Japan, fari da baƙi.

In kana tambaya wanne ya cancanci zama,
ɗauki na tsoho mai fatsa.
Ba faɗa, ba gudu. Jefa ƙugiya, ka jira.
Mu da ke layin famfo da jarka tun asuba
muka zauna kallon kogi cikin gilashi
har Barira ta ce ƙishirwa yake sa ta.

Na direban jirgin ƙasa ma kada ka raina,
ko da yake cikinmu ba wanda ya taɓa ganin dogo.
Ka zarce tasha da taki ɗaya,
wata mata ta yi magana cikin ladabi.
Mutari ya ce: "Cewa take,
a caca ka ciwo tuƙin nan?"

Na tseren babur, bar shi.
Ƙarya ne, hanyarsu ba rami.

Sai na bakwai, mai yagaggiyar takarda,
wanda sai an hura masa iska sau uku yake farkawa.
Yarinya ce da fitila, gari zuwa gari,
mutane na zuba mata zance
cikin rubutu kamar sawun kaji bayan ruwa.
Mutari ne tafinta, bai san ko harafi ba.
Yau akuyarta ce ta ɓace,
gobe bashin uwarta take bi.

A ƙofar wasan akwai gurbin ajiya uku.
Biyu wayam. Na sama da suna,
haruffa huɗu, sa'a sittin da ɗaya a gefensu.
Wani yaro, ko yarinya, can ƙetaren teku,
ya kai gindin hasumiyar ƙarshe ya tsaya.
Ko jarrabawa ce ta riske shi, ko girma.
Muka sa masa Maigida.
Mu biyar, gurbi biyu, har dambe an yi,
amma nasa ba wanda ya taɓa.

Shekara biyu muna bin sawunsa
tsakanin ɗaukewar wuta da aiken Inna.
Daren da muka hau hasumiyar
duwatsun Birni na amayar da ranar da suka sha,
ba mai barci. Muka ci.
Rubutu ya yi ta hawa, ya yi ta hawa.
Muka juya ga Mutari.
Bai ce komai ba.

Bara na zaro akwatin daga ƙarƙashin gado.
Mutari na Agadas, Barira na koyar da lissafi a Mirya.
Na hura sau uku.
Gurbi uku, duka wayam.

Ƙanta, idonsa ya yi yana,
ya kwance kaset, ya ɗago batir kamar anini:
"Wannan ke riƙe da ku duka. Ya yi ƙoƙari."
Ya sa sabo, ya ƙi karɓar ko dala.

Ɗiyata ta amshi hannu, ta ce wane gurbi?
Na ce na biyu.
Ta ce na saman fa, ai babu kowa.
Na ce da mai shi.